BABBAN ALLON YAYA

Shafi na 27

Masu yi wa Ridwanu tsiya a ƙarƙashin shafin jiya, duk na ga saƙonninku. Wata har cewa ta yi tsufa ne ya kama shi ya ƙi yarda. To ku gyara zama ku karanta wannan, mu ga wanda zai fara ba shi haƙuri.

*

Tun daga tashar Nguru Ridwanu yake rungume da allon gem ɗin nan a cinya, ya naɗe shi da tsohon bargon matarsa Rahima. Direba ya so a tura shi baya tare da kwalayen banda, ya ce sam. Haka ya iso Gashua ƙafafunsa sun yi tsami, ransa kuma ya fi ƙafafun.

Abu biyu ne ya kawo shi. Na farko, likitan ido ya haska shi ya sake haskawa, ya ce idonsa ƙalau yake, ya je ya binciki abin da yake kallo. Na biyun shi ne mai ɗacin. Kafin la'asar zai je gaban Wakili, mai shirya gasar ƙwallon gem ta yankin, ya faɗa da bakinsa cewa ya janye. Mutum ɗaya tak za a tura Kano. Wasa goma sha biyu suka yi na gwaji shi da Abbagana, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa da ya tashi a hannunsa, biyu kacal Ridwanu ya ci. Duk da haka Wakili ya ce ba zai goge sunan mutumin da ya riƙe kambu shekara shida ba sai ya ji daga bakinsa. Ana kiran wannan karamci, amma shi Ridwanu ji yake kamar an ce ya zo ya yanka kansa da kansa.

Shagon da aka kwatanta masa yana kan hanyar jami'a. Mai shagon mace ce, Nana Khadija, ɗalibai na ce mata Anti Nana. Ya same ta da gilashi a kan hanci, ta buɗe cikin wata kwamfuta tana hurawa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Shigo Malam. Gyara ne ko saye?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Ya ajiye allon a kan tebur, ya yaye bargon. Babba ne, baƙi wuluk, yana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa a ciki.

"Ido nake so ya huta, Malama. In na zauna minti ashirin sai hawaye, sai kai ya ɗauka ta nan." Ya taɓa gefen goshinsa. "Ƙwallo kuma in ta tashi da gudu, biyu nake ganin ta."

"Biyu, ko ɗaya mai jela?"

Ya tsaya yana kallon ta. Shekara biyu yana neman yadda zai faɗi abin nan ya kasa, yau wadda bai taɓa gani ba ta faɗa masa shi a numfashi ɗaya.

"Mai jela," ya ce a hankali.

"Me kake yi da shi?"

"Gem. Ƙwallo."

"Da wannan?"

Yadda ta ce "da wannan" ɗin ya sosa masa rai. Ya ɗan gyara tsayuwa.

"Duk Nguru babu irinsa."

"Na yarda. Zauna."

Ta sauko da wani ƙaramin allo daga kanta, marar fasali, fuskarsa dishi-dishi ba sheƙi. Ta jera shi kusa da nasa, ta jona su biyun a inji ɗaya, hoto iri ɗaya ya fito a kowanne. Ta miƙa masa hannun gem.

"Buga doguwa. Kar ka kalli ɗan wasan, ƙwallon za ka bi."

Ya buga. A babban, ƙwallon ta tafi tana jan farin hazo a bayanta, yadda ya saba gani. Ya juya ga ƙaramin ya sake bugawa. Ƙwallo ɗaya, zagayayya, har zanen jikinta yana gani tana juyawa.

"Sake. Yanzu ka sa ido tsakaninsu, ka ga wa ke riga wani."

Ya danna. Ƙafar ɗan wasan ƙaramin allo ta tashi tare da yatsansa. Na babban sai da ya ɗan yi nawa, kamar ƙiftawar ido, sannan ya bi baya.

Ya sake dannawa. Haka.

Ya sake. Haka dai.

"Malam, wannan naka talabijin ce aka yi wa gindin monita," in ji Nana Khadija. "Don kallon fim aka yi ta. Kafin ta nuna maka hoto sai ta tsaya ta yi masa kwalliya, ta goge nan ta shafa can, kuma irin wannan ba ta da wurin kashe kwalliyar. Abin da kake gani ya riga ya faru. Abokin wasanka ya wuce ka kafin idonka ya sani."

Ta nuna masa babban allon da yatsa.

"Saura na idon. Rage haskenta."

Ya rage. Ta ɗauko wayarta ta buɗe kyamara, ta saita babban allon. Sai ga baƙaƙen layuka suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ba tsayawa. Ta mayar kan ƙaramin, babu ko ɗaya.

"Ka gani? Fitilar da ke bayanta kashewa take tana kunnawa. Kai ba ka gani, amma idonka yana ji. Ga sheƙin nan kuma, duk hasken ƙofa a fuskarka yake dawowa. Ina ka ga ido ba zai yi ruwa ba? Ni ai mamaki nake da har yanzu kana karanta lambar mota."

"Ke nan ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne me?"

"Ba tsufa ba ne."

Ta yi dariya. "Shekarunka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Kai Malam, ka ji tsoron Allah."

Wani sanyi ne ya fara ratsa shi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Da a nan maganar ta tsaya, da ya fita shagon nan yana godiya.

Amma Nana Khadija ta juya allon za ta zare waya, sai ta tsaya. Ta kai yatsa kan wata 'yar takarda da ke manne a baya, rana ta cinye rabin rubutunta.

"Au. Ashe ma daga nan ya fita."

"Ƙanena na aika. Shekara biyu ke nan. Lokacin lodin kifi ne, ban samu zuwa ba."

"Dogo, mai wushirya? In yana magana kana jin Barbarci a harshensa?"

"Shi ne. Abbagana."

"Biyu ya ɗauka. Wannan da ƙarami irin wancan."

"Haka ne."

Ta shiga naɗe wayar da ba ta bukatar naɗi.

Ranar nan ta dawo wa Ridwanu ɗanya shar. Abbagana ya shigo gidan gem ɗinsu na bayan kasuwa da kwali biyu, ya jona kowane allo da injinsa yadda ake yi a gasa. Ya sa babban a gaban kujera mai katifa, ya kai ƙaramin lungu gaban benci. Ya rusuna ya ce, "Yaya, babba naka ne." Ranar har wani dattijo mai shago kusa da su ya sa masa albarka, ya ce a zamanin nan samun ƙane mai ladabi irin wannan sai an tona.

"Malama, kin gaya masa?"

"Malam, ni ba na son shiga tsakanin 'yan'uwa."

"Kin riga kin shiga. Kin gaya masa?"

Ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Na ce ya ɗauki ƙanana biyu iri ɗaya. Na gwada masa yadda na gwada maka, a kan teburin nan. Sau biyu ya sa na maimaita masa na dannawar, shi ya sa ban manta shi ba."

"Da na idon?"

"Har na idon."

"Sai ya ce me?"

"Malam…"

"Don girman Allah."

"Dariya ya yi. Ya ce, Anti ki bar shi, na Yayana ne, shi girma yake so."

Fankar da ke sama tana ta juyawa, amma zufa ta jiƙa rigar Ridwanu. Ba wasannin da aka cinye shi ne suka fara zuwa ransa ba. Abin da ya fara zuwa shi ne ranar da Abbagana ya goya shi a mashin har ƙauye wurin wani malami, aka ba shi rubutu ya wanke ido da shi, wai baki ne ya kama shi. Abbagana ne ke riƙe masa kai yana ɗiga masa magani. Abbagana ne ke tsawata wa 'yan kallo in sun ce Kaftin, wato shi Ridwanu, ya ƙare, yana cewa ku ji tsoron Allah, ba ku ga ba shi da lafiya ba? Shi kuma yana jin daɗi, yana gaya wa Rahima cewa ko bai haifi ɗa namiji ba Allah ya ba shi. Baƙin cikin da ya taso masa bai taɓa jin irinsa ba, har ɗacinsa yake ji a harshe.

"In za ka saya, irin ƙaramin nan za ka ɗauka," Nana Khadija ta ce, don dai ta kawar da shirun. "Inci ashirin da huɗu ya ishe ka, duk filin yana cikin idonka ba sai ka juya wuya ba. Ka zauna nesa da shi tsawon hannu, ka rage haske, kar ka sa shi yana kallon ƙofa."

"Ajiye min shi. Zan dawo."

Ya mayar wa babban bargonsa, ya ɗauka.

"Ina za ka da shi kuma?"

"Wurin mai shi."

*

Gidan gem ɗin Wakili tsohon siton shinkafa ne, har yanzu in zafi ya taso kana jin warin ƙaiƙayi. Ya cika da ɗalibai da 'yan gari, don kowa ya san yau za a tura suna. Wakili, tsohon malamin motsa jiki ne mai furfura a gemu, yana zaune bakin ƙofa da carbi. Abbagana kuwa tun jiya ya zo da ƙaramin allonsa yana atisaye.

Yana ganin Ridwanu ya miƙe da sauri, ya taho yana rusunawa.

"Wushe Yaya, sannu da hanya. Kai da kanka ka ɗauko shi? Ai da ka kira ni. Kawo, kawo."

"Kar ka taɓa."

Ridwanu ya jingine allon da bango, ya juyo.

"Daga shagon Nana Khadija nake."

Kowa ya ga yadda murmushin Abbagana ya tsaya a inda yake, bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba.

"Wace ce haka, Yaya?"

"Wadda ka sa ta maimaita maka sau biyu."

"Ban gane ba."

"Ka gane. Ta ce ka ɗauki ƙanana biyu. Ta nuna maka wannan yana nawa, ta nuna maka yana cin ido. Ka ɗauko shi ka kawo min, ka rusuna, aka sa maka albarka."

Wakili ya tashi daga kujerarsa. "Ridwanu, wannan babbar magana ce."

"Baba Wakili, a jona su a inji ɗaya yanzu, kowa ya gani da idonsa."

"Ba sai an jona ba," in ji Abbagana.

Ya miƙe sosai. Ridwanu bai taɓa lura yaron ya fi shi tsawo ba sai yau, don bai taɓa tsayawa a gabansa a miƙe ba.

"Gaskiya ta faɗa maka."

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi."

"Me na yi maka?" in ji Ridwanu. "A ɗakina ka tashi. Ni na fara sa maka hannun gem a hannu. Me na yi maka, Abba?"

"Ba ka yi min komai ba, Yaya. Shi ne abin. Shekara goma ina bin ka da jaka. In na ci mutum a ce ƙanen Kaftin ya ci. In na ci ka a gida, ka ce wasa kake yi da ni. Har Damaturu na raka ka sau uku, ko sau ɗaya ka taɓa cewa a rubuta sunana?"

"Sai ka makantar da ni?"

"Likita ya ce idonka lafiya."

"Kana ɗiga min magani kana kallon fuskata!"

"Na taɓa hana ka ƙaramin?"

Abbagana ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Ina tambayar ka a gaban mutane, Yaya. Allo biyu a ɗaki ɗaya, taku huɗu tsakaninsu, shekara biyu. Na ɗaure ka a kujerar? Ranar da Yunusa mai shayi ya ce ku yi musanya mana a gani, me ka ce masa? Ni na tuna. Cewa ka yi kai ba ka zama a allon yara."

Wasu suka sunkuyar da kai. Akwai 'yan Nguru a wurin, sun san an yi haka.

"Da sau ɗaya ka zauna a bencina, minti biyar, da ka gane. Kullum ina jiran ranar, gabana yana faɗuwa. Ba ka taɓa zuwa ba. Ka gwammace a kai ka ƙauye a wanke maka ido da a gan ka a lungu."

"Ya isa!" Wakili ya daka tsawa. "Abbagana, abin da ka yi ba hali ba ne, kuma ba ka burge kowa ba. Wasannin nan goma sha biyu na soke su."

Aka fara hayaniya, ya ɗaga hannu.

"Wasa ɗaya za ku yi, yanzu, a gabana. Ina da ƙarami irin nasa a ciki, a fito da shi. Kowa allonsa iri ɗaya. Wanda ya ci, da an sallame la'asar sunansa zan tura Kano. Akwai mai magana?"

"Babu," in ji Ridwanu.

"Duk yadda Yaya ya ce," in ji Abbagana.

Aka jera allunan baya da baya. Ridwanu ya zauna a kan benci, karo na farko a gaban jama'a, bai ma ji kunyar da yake tsoro ba. Alƙalin cikin gem ya busa.

Wayyo Allah. Filin ya buɗe masa tas. Kowane ɗan wasa da lambarsa, ƙwallo ɗaya ba jela, idonsa ba yaji ba ruwa. Daɗi ya kama shi har ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ashe haka yaron nan yake gani duk tsawon lokacin nan.

Ɗan gaban Abbagana ya taho da ƙwallo ta gefen dama. Ridwanu ya san wannan tafiyar, shi ya koya masa ita. Ya danna ya tare.

Mai tsaron bayansa ya zube ƙasa tun kafin mutumin ya iso. Abbagana ya zagaye shi kamar an ajiye buhu, ya jefa a raga.

Ɗaya ba ko ɗaya.

"Ba komai Kaftin, yanzu aka fara!" wani ya ce.

Ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ya ba wannan ya ba wancan, aka ɗago masa ita sama daidai kan ɗan gabansa. Irin wadda a da ko da ido rufe yake ci. Ya danna. Ɗan wasan ya yi tsalle ya sauko, sannan ƙwallon ta zo ta wuce ta kansa.

Aka yi dariya a baya, wani ya ce a yi shiru.

Ya sake tarewa, ya riga. Ya sake bugawa, ya riga. Sai a nan ya gane, kuma ganewar ta fi duk abin da ya ji a shagon ciwo. Shekara biyu yatsunsa suna koyon riga hoto don su cimma allon da ke nawa. Sun koya, sun iya, ya zama jikinsu. Yanzu da allon ya daina nawa, su ba su daina riga ba. Yana ce musu ku jira, ba sa jin sa.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci Abbagana ya ƙara ta biyu.

Ridwanu ya ajiye hannun gem a cinya yana kallon yatsunsa. Daga masallacin bakin titi ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Wakili ya ciro wayarsa daga aljihu ya riƙe.

Abbagana ya tashi, ya zagayo ta gefen teburin. Ya durƙusa a gaban Ridwanu har gwiwarsa ɗaya tana taɓa ƙasa, yadda ya saba tun yana ƙarami. Ya sassauta murya, amma ba wanda bai ji ba.

"Yaya, hannunka ya saba da wancan. Ko a jona maka babban?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya toshe baki. Ridwanu ya ji kamar ya shaƙe shi a wurin. Abin da ya hana shi ɗaga hannu ɗaya ne: ya san gaskiya ce. A kan wancan allon da ya cinye masa ido, yana iya rama biyun nan. A kan wannan ba zai iya ba, ba yau ba.

Wakili ya dubi allon da ke jingine da bango, ya dubi agogon wayarsa.

"Doka ba ta hana ba," ya ce. "Ridwanu, kai muke jira. Wanne za ka zauna?"